Shekarar da Na Ƙi Ɗaga wa Babanku Labule

Rifkatu da Bitrus, na san irin labarin da kuka tashi da shi a kaina. Ba wanda ya zaunar da ku ya ba ku shi. Kun tsince shi ne a bakin murhu a gidan kakarku na Dogarawa, da wajen biki da wajen makoki, inda mata ke rage murya idan na shigo. Labarin shi ne uwarku ta hana mutumin da ke bakin mutuwa abu ɗaya tak da ya roƙa, kuma ta hana shi a gaban jama'a da busasshen ido. Rabinsa gaskiya ne. Na hana shi, kuma ba sau ɗaya ba. Ɗaya rabin na riƙe shi a cikina saboda alkawari, har furfura ta cika mini kai. Yanzu ke Rifkatu kin wuce shekarun da babanki yake da su ranar da ya rasu, don haka na ga alkawarin ya gama aikinsa. In na yi kuskure wajen warware shi, Ubangiji ya gafarta mini.

Sai na fara da aikina, don har yau Bitrus yana gaya wa abokansa uwarsa malamar lissafi ce, ni kuma na gaji da gyara masa. Ni da babanku, Ishaya, fiziks muka karanta, ɓangaren ƙananan ƙwayoyin nan da aka gina komai da su, waɗanda ko ƙwayar zarra ta fi su girma nesa ba kusa ba. Shi mai hannu ne. Ba shi waya da ƙarfen liƙi ka koma gefe, kafin ka gama shan shayi ya haɗa abin da zai yi motsi. Ni kuwa a cibiyar da na yi digirina na uku a Turai, inda ake gwara ƙwayoyin nan da juna a cikin wani ƙaton zobe a ƙarƙashin ƙasa, aikin da ba wanda yake so aka ɗora mini. Idan masu bincike suka ga wani abu ya ɓullo a cikin ƙirgensu suka fara murnar sun gano sabon abu, ni ake kira in lissafa sau nawa sa'a kaɗai za ta iya haifar da irinsa. Yawanci amsata ba ta yi wa kowa daɗi. Na ga manyan farfesoshi sun yi liyafa a kan abin da bayan 'yan watanni ya narke, ko alamarsa babu. Saboda haka bakina ya saba da taka-tsantsan, har babanku ya laƙaba mini Malama Wataƙila. Yakan ce ranar aurenmu fasto gumi ya riƙa yi, yana tsoron kada in amsa masa da wataƙila.

Da muka dawo Samaru muna koyarwa a jami'a, ni na ci gaba da yi wa mutanen Turai lissafi daga nesa, ina zaman jiran layi a shagon intanet kamar mai jiran awo a asibiti. Babanku kuwa ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana lissafa wa wasu abin da suka gani ba. Ya roƙi wani tsohon ɗakin ajiya a bayan sashenmu, ya share shi da kansa, ya fara gina na'urarsa. Kwalaben da ke hango haske ni na shigo da su a cikin akwatina, a naɗe cikin zannuwana. Sauran kayan daga unguwar PZ ta Sabon Gari ya tsinto su, wajen masu sayar da kayan rediyo, waɗanda suka san shi har suna ajiye masa duk abin da ya mutu. Abin da na'urar ke kamawa sunansa muwon. Ƙwayoyi ne da ke zubowa daga sama ba dare ba rana, suna ratsa kwano da siminti da jikin mutum ba tare da ya ji ba. Wani lokaci ɗaya takan tsaya a cikin dunƙulen robar da ke tsakiyar na'urar, ta yi walƙiya, bayan ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba ta mutu ta sake walƙiya. Na'urar tana auna tazarar walƙiyar farko da ta biyu. Ya haɗa mata lasifikar tsohuwar rediyo, duk lokacin da ta kama ɗaya sai ka ji ƙas. Kun tuna ƙarar nan, don Bitrus yakan zauna yana tafa mata.

Idan aka tara dubban irin wannan awo aka zana su, layin yakan sauko sumul kamar gangaren tudu. Kowa a duniya haka yake samu. A farkon shekarar da nake ba ku labari, lokacin da wayar salula ta fara shiga hannun kowa a Zariya, babanku ya shigo gida da takarda a hannu yana rawar jiki. A tsakiyar gangaren nasa akwai ɗan tudu, wani ƙullutu kamar tozon sa. Tozo kuwa muka riƙa kiransa. In da gaske ne, to akwai wani abu a duniya da ba wanda ya taɓa gani, kuma mutumin Dogarawa ne ya gan shi a ɗakin ajiya da kayan bola. Ban taɓa ganinsa cikin irin farin cikin nan ba, ko ranar da aka haife ki, Rifkatu, kada ki ji haushi.

Na karɓi ƙirgen na zauna da shi, kuma tun kafin in yi nisa na ga inda matsalar take. Ya cire kwanakin da aka yi aiki da janareto. Ya cire kwanakin tsawa. Ya cire wani mako da ya ce waya ta yi sanyi. Kowane cirewa yana da hujja mai kyau, amma duk ya yi su ne bayan ya ga tozon, kuma kowanne ya ƙara wa tozon tsayi. Bai yi da niyyar cuta ba. Ba wanda ke yi da niyya. Ido ne kawai, idan ya riga ya ga abin da yake so, sai hannu ya bi shi.

Inda na yi wauta shi ne wurin da na zaɓa in faɗa masa. Wata Asabar ce da yamma, yayarsa, Goggonku Laraba, ta zo daga Sabon Gari ta kawo mana gyaɗa, muna zaune a tabarma a tsakar gida ana ɓara. Yana ta ba ta labarin tozonsa, ita kuma tana ta sa masa albarka ko da ba ta gane komai ba. Ni da bakina ba ya iya shiru, na damƙi gyaɗa na watsa a kan tabarma, na nuna inda suka taru suka yi cunkus.

"Baban Rifkatu, dubi nan. Me ya tara su a wurin nan?"

"Ba komai. Haka suka faɗi."

"To in na zagaye wurin da alli yanzu, na ce na gano wurin da gyaɗa ke so a tabarman nan fa?"

 Goggo Laraba ce ta amsa, ta ajiye kwanon da ke hannunta.

"Ikon Allah. A gaban yara ne kike koya ma mijinki karatu? Da gyaɗan da na kawo?"

Ya yi kwanaki ba ya cin abincina da daɗi. Amma babanku masani ne na gaske, kuma daga baya shi da kansa ya same ni a ofis ya ce in faɗi yadda za a yi. A aikinmu akwai al'ada don irin wannan. Kafin ka tara sabon ƙirge, sai ka rubuta dukkan ƙa'idodinka: waɗanne kwanaki za a zubar, a ina za a duba, tsayin nawa ne zai sa a yarda. Sannan ka sa kwamfuta ta rufe daidai wurin da kake zato da baƙin zane, yadda za ka riƙa ganin sauran layin yana girma amma ban da wurin. Mu a gida labule muke ce masa. Ba a ɗaga shi sai ƙirge ya kai adadin da aka yanka tun farko. In ka ɗaga kafin lokaci ka yi asara biyu: ƙirgen bai isa ya ce i ko a'a ba, kuma idonka ya riga ya gani, duk abin da ka yi bayan nan ba wanda zai yarda da shi, sai dai a koma farko. Na lissafa, na ga in muka fara da ruwan farko, za mu kai bayan an girbe dawa. Shi ne ya ce kalmar sirrin da ke buɗe labulen ta zauna a wajena ni kaɗai.

"Na san halina," in ji shi. "In tana hannuna, kafin ki dawo daga coci na leƙa."

Muka saki labule, ruwa ya sauka, na'ura ta ci gaba da ƙas-ƙas ɗinta. Cikin marka sai babanku ya fara ture tuwo. Ya ce gajiya ce. Sai idonsa ya koma ruwan ɗorawa, wandonsa ya fara zamewa daga ƙugu. Likitoci suka yi ta aune-aune, daga ƙarshe wani tsohon ɗalibinsa da ya zama likita ya ja ni gefe, ya kasa kallon fuskata. Hanta ce, kuma an makara. Na tambaye shi wata nawa, don ni ba na iya jin magana sai da lamba. Ya ba ni lambar, na ajiye ta kusa da tawa ta girbin dawa, na ga tasa ba ta kai ba. A tsaye na yi lissafin nan a barandar asibiti, kuma a duk lissafin da na yi a rayuwata ba wanda na tsana kamarsa.

Kakarku ta ce a kawo mata ɗanta gidan Dogarawa, inda akwai hannuwa da yawa. Aka kai shi ɗakin da ya tashi a ciki, ku ma kuka koma can. Abu ɗaya ya roƙe ni ranar da muka bar Samaru, kada na'urar ta tsaya. Don haka kullum da safe sai in shiga bas zuwa Samaru, in duba ta, in zuba wa janareto mai saboda masu ɗauke wuta, in yi lacca in da akwai, in dawo ta Kwangila da la'asar ina warin fetur. Matan gidan suna kallona. A wajensu mace ce ta bar mijinta a kwance ta tafi renon inji, kuma ban ga laifinsu ba, haka abin yake a ido.

Ranar da ya fara roƙona, ɗakin cike yake. Kaka tana masa fifita, Goggo Laraba tana dama kunu, ku kuna bakin ƙofa.

"Maman Rifkatu, ɗan ɗaga mani gefen labulen nan mana. Gefe kawai."

"Lokaci bai yi ba, Baban Rifkatu. Da bakinka ka yarda da ƙa'idar."

Ya yi 'yar dariya ya juya ga bango. Washegari ya sake, jibi ma haka. Ba a jima ba duk unguwa ta san akwai wani abu da marar lafiya ke roƙo matarsa tana hana shi. Matan zumunta na coci da suka zo addu'a suka fara saka taurin zuciya a cikin abubuwan da suke roƙon Ubangiji ya narkar, suna satar kallona ta ƙasan ido.

Ina so ku yi wa Goggonku adalci, don ba da faɗa ta fara ba. Ta aiko in same ta a shagonta na kwanuka a PZ. Ta kore yarinyar shago, ta jawo mini kujera, ta saya mini lemo mai sanyi. Ban taɓa jin muryarta a ƙasa haka ba.

"Saratu, ni ban yi boko ba, ban san me ke cikin injin ɗinku ba. Amma ni na goye Ishaya a bayana. Tafiya zai yi, ke ma kin sani. Ki shiga ki ce mashi kin duba, abin na nan. Wa zai sani?"

"Shi zai sani, Yaya. Zai tambaye ni tsayinsa."

"To ki ba shi tsayi! Lamba ne ba ki da shi?"

"Zai ce in nuna masa. Zai sa a kira abokansa, a rubuta wa mutanen waje. Sunansa zai tafi a manne da abin da ba mu tabbatar ba, kuma ba ya nan balle ya gyara."

Hawaye na bin fuskarta ba ta share ba.

"Ke mace ne ko ƙarfe?" in ji ta. "Tashi ki ba ni wuri."

Maganarta ta yi mini ciwo, amma na iya ɗauka. Wadda ban iya ɗauka ba taki ce, Rifkatu. Kina aji uku na sakandare lokacin. Na tafi da ke Samaru ki ɗebo littattafanki, muna dawowa a bas, an matse mu a kujerar baya, mun wuce Kwangila. Sai kika juyo, ba ki ko ɗaga murya ba.

"Mama, injin ne mijinki ko Baba?"

Wataƙila kin manta kin faɗa. Ni ban manta ba. A kujerar nan na yanke shawara na bar ƙa'ida, na bar sunansa, na bar duk abin da na koya a Turai. Na ce in abin da yake so ke nan, zan ba shi, ƙirgen ya isa ko bai isa ba.

Na jira Lahadi da safe. Kowa ya tafi coci, har Kaka da ba ta cika barin gefensa ba, na ce ni zan zauna da shi. Tun ran Asabar na kwaso ƙirgen a cikin ƙaramar kwamfutar da mutanen Turai suka ba ni, na ɓoye ta a cikin jakar kayan wanki. Gidan ya yi tsit, sai kaji a tsakar gida da ƙarar ganguna daga cocin da ke bayan layi. Na tayar da shi zaune, na jera masa matasai, na ɗora kwamfutar a kan cinyarsa da ta koma kamar sanda. Layinsa ya fito, gangaren nan mai kyau, da baƙin zanen a tsakiya. Na rubuta kalmar buɗewa. Saura in danna maɓalli ɗaya.

"Ga shi, Baban Rifkatu. Ka yi ta roƙo, yau zan ɗaga maka."

Ya kalli allon, ya kalle ni. Sai na ji hannunsa a wuyan hannuna. Mutumin da ba ya iya riƙe kofi, ya riƙe ni har sai da na ji zafi.

"Bari."

"Ba kai ka ce..."

"Na ce bari, Saratu." Rabon da ya kira sunana tun kafin a haife ki, Rifkatu. Ya yi ta numfashi kafin ya ci gaba. "Tun ran gyaɗan nan na san abin da ke bayanshi. Kusan na sani. Amma kusan ne, ba duka ba. Kullum in na farka, kafin ciwon ya tuna da ni, sai in ce wataƙila yana nan. Da wannan nake kai yamma. In kin ɗaga yau, gobe da me zan farka?"

Na ce to me ya sa yake roƙona a gaban mutane, yana sa ana tsine mini. Na faɗa da zafi, don raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ba na jin kunyar faɗa muku na yi fushi da marar lafiya. Ya sunkuyar da kai kamar yaron da aka kama.

"In na roƙa kika hana, sai in ji kamar akwai lokaci. Kamar ni da ke muna jiran girbi ne kawai, kamar kowa. Ki ci gaba da hana ni. Ke kaɗai ce a gidan nan za ki iya." Sai ya ƙara da abin da ya ɗaure ni shekara da shekaru. "Kar ki faɗa masu. Ba na so Rifkatu ta san babanta ya ji tsoro. Ki yi mani alkawari."

Na yi masa. Na rufe kwamfutar na mayar cikin kayan wanki, na wanke fuskata a bakin rijiya. Da kuka dawo daga coci kuka same ni ina ba shi kunu da cokali, kuma kafin Goggo Laraba ta gama cire ɗankwalinta ya dube ni ya ce in ɗan ɗaga masa gefen labule. Na ce lokaci bai yi ba.

Haka muka yi ta yi har ƙarshe. Kullum sai ya roƙa, kullum sai na hana, kuma kullum sai an sami mai jin mu. Wani lokaci yana roƙon yana matsa yatsuna a ƙarƙashin bargo. Na iya abubuwa masu wuya a rayuwata, na tsaya gaban ɗaki cike da Turawa na gaya musu abin da suka gano ba komai ba ne, amma ban taɓa yin aiki mai nauyin kalmomin nan ba, ina faɗarsu ina ganin fuskarki, Rifkatu, tana rufewa a kaina kaɗan-kaɗan. Bitrus yana ƙarami, shi kuka kawai yake yi in ya ga ana kuka. Ke kuwa kina ji, kina ajiyewa.

Roƙonsa na ƙarshe da rana ne, ana gobe zai rasu. Fasto ya zo ya ba shi Jibin Ubangiji, dangi sun cika ɗakin har waje. Muryarsa ta kusa ƙarewa, sai da na kai kunnena bakinsa, amma ɗakin ya yi shiru har kowa ya ji. Na duba idonsa ko zan ga alamar wannan karon da gaske yake, ko ya sake ni daga alkawarin. Ban ga komai ba sai roƙo, kuma har yau ban san wane irin roƙo ba ne. Wannan shi ne abin da ke tashe ni daga barci. Na zaɓi abin da ya gaya mini lokacin da yake da ƙarfin zaɓa.

"Lokaci bai yi ba, Baban Rifkatu. An kusa."

Goggo Laraba ta yi tsaki ta fita tana kuka. Fasto ya sunkuyar da kai. Kaka ta janye ƙafarta daga kusa da tawa, kuma har ta bar duniya ba ta sake cin abin da na dafa ba. Babanku ya lumshe ido. Dawa tana tsaye a gonaki ba ta gama nuna ba aka binne shi.

Bayan makoki na kwashe ku muka koma Samaru. Mutane suka zaci zan kashe na'urar, wasu suka ce ai yanzu sai in buɗe tunda wanda ake hanawa ya tafi. Ban yi ko ɗaya ba. Na ci gaba da zuba mai, ina zama a ɗakin ajiyar ni kaɗai ina jin ƙas, ƙas. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa abokan aikina ba. Ni da aka sani da rushe murnar mutane, a kujerar nan na yi ta roƙon Ubangiji ya kunyata ni. Na roƙa a ce lissafina ne ya karkace, tozon ya fito ƙato, duniya ta zo Samaru ta ga abin da Ishaya ya gani, a yi ta yi mini dariya har in mutu.

Da ƙirge ya cika, na kira malamai biyu daga sashenmu su zama shaida, kamar yadda ake yi. Na karanta musu ƙa'idodin da muka yanka tun farkon damina, suka ce sun ji. Na danna maɓallin. Baƙin zanen ya tafi, gangaren ya sauko sumul daga sama har ƙasa, babu tozo, babu ko ƙurji. Ɗaya daga cikin malaman ya daɗe yana duba lambar da ta fito a ƙasa, tsawon ran muwon kamar yadda na'urar ta auna, ya ce ta yi daidai da abin da manyan cibiyoyin duniya suke samu. Ya cire tabarau yana goge ido. Abin da babanku ya gina da kayan bolar PZ bai taɓa yin ƙarya ba, ko sau ɗaya. Na rubuta sakamakon da sunansa a gaba, nawa a baya. Ba mutane da yawa suka karanta ba, don ba a cika yin rububin labarin abin da ba a samu ba.

Ranar na dawo gida da la'asar na same ki a bakin ƙofa, Rifkatu, kina tsefe kanki. Kin san ranar ce, ban san wa ya gaya miki ba.

"Akwai?"

"Babu."

Kika gyaɗa kai, kika ci gaba da tsifa.

"To da kin ce masa akwai, me zai rage ki?"

Amsar tana bakina. Na haɗiye ta, na wuce ki na shiga kicin na ɗora ruwa. Daga ranar kika koma yi mini magana kamar yadda ake yi wa malamar makaranta, da ladabi, ba gardama, ba hira. Kika gama karatu, kika yi aure, Goggo Laraba ce ta zauna a kujerar uwa ranar kai ki, ni ina cikin baƙi. Ban yi ƙorafi ba, kuma ba ƙorafi nake yi yanzu ba.

Babanku ya ji tsoro. Shi ke nan abin da ya ɓoye muku, kuma da na san ƙanƙantarsa a idon wanda ya manyanta, da wataƙila ban jira haka ba. Mutum ne da ya san gaskiya, ya kasa kallonta shi kaɗai, ya nemi matarsa ta tsaya tsakaninsa da ita na 'yan watanni. Bai san abin da hakan zai jawo mini ba, don ya zaci zai wuce da makoki. Ni ma haka na zata. Ban ji haushinsa ba, ina kewarsa ne kawai, har yau in na ji rediyo ta yi ƙas sai na waiwaya.

Bitrus, kai ka kai wa yayarka wannan da hannunka, kada ka aika. Rifkatu, in kin karanta ba sai kin ce komai ba, ba na neman a ba ni haƙuri, kuma ba sai kin zo Samaru ba in hanya ta yi miki nisa. Ran Lahadi bayan coci zan kira ki. Ki ɗauka.